Ba rashin kuɗi ne ya kashe fim ɗinnan ba

Duk sanda aka yi fim mara kyau sai ka ji ana cewa ai ba su da jari ne, a yi musu uzuri. Ni kam na daina karɓar wannan maganar, musamman a kan irin finafinan nan na Amurka da ake haɗa kisan kai da binciken ɗan sanda da harkar sha'awa waje ɗaya, waɗanda ake yi da ɗan kuɗi kaɗan a tura su kai tsaye kaset ko talabijin ko intanet ba tare da sun taɓa leƙa sinima ba. Na kalli wani irinsu kwanan nan kuma tun daga lokacin abun ke cina, don fim ɗin ya nuna min ƙiri-ƙiri inda talauci ke da laifi da inda ba ruwansa.

Ba zan faɗi sunansa ba, kar in yi masa talla a banza, kuma tsakani da Allah in ka ga ɗaya kaman ka ga ɗari ne. Labarin dai shi ne an tsinci gawar wani attajiri a ruwan wankan bayan gidansa, ya bar yarinyar mata wadda ya girma nesa ba kusa ba, ya kuma bar inshorar rai mai kauri da sunanta. Kamfanin inshora suka turo mai bincike, tsohon ɗan sanda ne da aka kora daga aiki saboda shaye-shaye, matarsa ta gudu, gemu ya yi masa buzu-buzu, kun dai san irinsu. Aikinsa ya gano ko matar ce ta kashe mijin. Minti ashirin ba a yi ba ya manta abun da ya kawo shi gidan. Sauran mutanen fim ɗin su ne lauyan mamacin, da wata ƙawar matar mai yawan shan sigari, da dattijuwar da ke aikin gidan. Shikenan fa, mutum biyar da gawa ɗaya.

Bari in fara da abubuwan da na yafe musu, don akwai su da yawa. Gidan attajirin da aka ce yana da jirgin ruwa da kamfanoni a ƙasashe uku, falo ɗaya muke gani da kicin da ɗakin kwana da bakin ruwan nan, kuma ofishin lauya in ka lura da kyau shi ne dai falon, an ja kujera gefe an kawo tebur an rataye wata takarda a bango. Ofishin 'yan sanda ma ba a nuna mana ba, sai dai mai binciken ya tsaya jikin mota yana waya da wani da ba ma jin muryarsa. Duk sanda za a canja waje sai a sako hoton gari da daddare da aka ɗauka daga sama, fitilun motoci suna wucewa, wanda kowa ya san sayo shi aka yi don launinsa ma daban yake da sauran fim ɗin, kuma hoton ɗaya ne ake ta maimaitawa. Gawar attajirin da aka rufe da farin ƙyalle, wallahi cikinta na ɗagawa yana sauka, bawan Allah numfashi yake yi abunsa. Akwai inda matar ke riƙe da kofi, in kyamara na gabanta kofin ya kusa ƙarewa, in ta koma bayanta ya cika taf. Na yi dariya, amma ban ji haushi ba.

Dalilin da yasa ban ji haushi ba shi ne na san yadda ake aikin. A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a sikirin, to fim mai minti casa'in shafi casa'in kenan. Manyan kamfanoni sukan ɗauki shafi biyu ko uku a rana, su yi wata biyu ko uku suna abu ɗaya, in haske bai yi ba a jira gobe. Masu ƙaramin jari kuwa sati biyu zuwa uku suke da shi, dole a cinye shafi bakwai ko takwas ko fiye kullum, ga kuɗin hayar gida na tafiya ga na kyamara ga na ma'aikata, to a irin wannan gudun wa zai tsaya duba ko kofi ya cika? In jarumi ya faɗi maganarsa bai yi tuntuɓe ba darakta cewa zai yi ya yi, mu je na gaba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan gaskiya ce, ba na musu.

Sauti ne na yafe rabi na riƙe rabi. A kicin firji na ta gurnani a ƙarƙashin maganarsu, in an yanka zuwa fuskar ɗayan sai gurnanin ya ɓace, in an dawo ya dawo, kunne ya kasa samun natsuwa. A bakin ruwa kuma da alama iska ta ɓata musu abun da suka naɗa sai suka koma situdiyo suka sake ɗora murya, to mutum na tsaye a fili amma muryarsa kaman yana cikin bargo, leɓe na gaba magana na baya. Mai kallo zai iya jure hoto mai dishi-dishi, har ma ya ce salo ne, amma sauti mara kyau ba ya juruwa, kuma gyaransa bai kai tsadar sauran abubuwa ba, kashe firji kafin a fara ɗauka ai ba ya cin ko sisi. Kiɗan kuma kar ma a yi maganarsa. Busar sakisafon ɗinnan ta kibod, wadda da ka ji ta taso ka san yanzu wani zai rufe ƙofar ɗaki. Ga shuɗiyar fitila da inuwar labulen katako a bango ga kyandir wajen talatin, ni dai tambayata ita ce wa ke kunna kyandiran nan, mace mijinta ya mutu shekaranjiya amma tana da lokacin jera kyandir.

To yanzu ga inda ban yafe ba. Rubutu.

Alƙalami da takarda su ne mafi arha a duk kayan aikin fim, kuma su ne kaɗai abun da talaka zai iya kamo mai kuɗi da shi. A fim ɗin bincike mai mutum biyar dole marubuci ya sani cewa mai kallo na lissafi. Marigayi Roger Ebert, mai sharhin finafinai na Chicago, yana da wata doka da ya saba ambata cikin raha, cewa tunda kowane ɗan wasa biyansa ake yi, ba a saka mutum a fim a banza, don haka in ka ga wani na ta fitowa ba ka ga amfaninsa a labarin ba to ka sa masa ido, shi ne. A ƙaramin fim wannan dokar ta fi ciwo, don ba ka da mutum goma sha biyar da za ka ɓoye mai laifi a cikinsu. Mafita ɗaya ce, kowa a cikin biyar ɗin ya zama yana da dalilin son mutumin ya mutu, yana da damar kashe shi, kuma yana ɓoye wani abu ko da ba kisan ba ne. Nan kuwa lauya mugu ne tun daga fitowarsa ta farko, yana murmushin gefen baki yana murza zobe, har ka san ba shi ba ne don an cika nuna shi. Ƙawar ba ta da aiki sai hura hayaƙi da cewa ka yi hankali da ita. Mai binciken kuma, Allah na tuba, ban ga ya binciki komai ba. Bai tambayi maƙwabta ba, bai nemi rahoton likita ba, bai duba wayar mamacin ba, duk wata hujja zuwa take ta same shi har inda yake zaune, wani ya turo ambulan ta ƙarƙashin ƙofa, wani ya kira ya yi magana ya kashe.

Sai kuma wuraren ɗakin kwana, waɗanda don su aka yi fosta kuma don su aka sayar da fim ɗin. Ni dama turawa gaba nake yi in an zo wajen, kuma wannan turawar ce ta zame min ma'auni ba tare da na shirya ba: duk sanda na tsallake na sauka a sin na gaba, ban rasa komai ba. Ko kalma ɗaya. Ba wanda ya faɗi sirri, ba wanda ya saci makulli ko ya leƙa jaka, ba wanda ya shiga da rinjaye ya fito ba shi da shi. Yadda suka shiga haka suka fito, labari na tsaye a bakin ƙofa yana jiransu su gama. A fim irin wannan ai sha'awar ita ce tarkon, ita ce ke makantar da mai binciken, kowace kusanta ya kamata ta ƙara jefa shi cikin rami, mu masu kallo muna gani muna cewa kai bawan Allah fita daga gidan nan. In har za a iya cire wuraren gaba ɗaya fim ya tsaya yadda yake, to ba ɓangaren labarin ba ne, cikon minti ne kawai.

Kuma abun yana da tarihi, ba haka kawai ya faɗo ba. Daga 1934 zuwa 1968 Hollywood na ƙarƙashin dokar tacewa da ake kira Hays Code, wadda ta hana nuna tsiraici ta kuma ce mai laifi dole ya ga sakamakonsa. A cikin wannan takurar Billy Wilder ya yi Double Indemnity a 1944, labarin dillalin inshora da matar aure da suka haɗa baki su kashe mijinta, wato kakan duk waɗannan finafinan har da wanda nake magana a kai. Babu abun da aka nuna a ciki da za ka ce yaro ya rufe ido, amma daga yadda suke jifan juna da magana ka san mutumin nan ya gama yawo. Da yake an hana su nunawa sai suka koma ga rubutu, dole zance ya ɗauki nauyin. A 1968 aka ajiye dokar aka kawo tsarin tambarin shekaru, ƙofa ta buɗe. Sai ga Basic Instinct a 1992, wanda aka sayi rubutunsa kaɗai dala miliyan 3 a hannun Joe Eszterhas, kuma ya tara sama da dala miliyan 350 a duniya. To ka san 'yan kasuwa, da suka ga haka sai ƙananan kamfanoni suka yi ca, shagunan hayar kaset suka cika da kwaikwayo, tashoshi irin su Cinemax na neman abun sakawa cikin dare, masu saye daga ƙasashen waje na jira. Ba a buƙatar fashewar mota ko taron jama'a, gida ɗaya da mutum biyar da fosta mai jan ido sun isa.

Ga inda nake ganin matsalar ta samo asali. A 1990 aka fito da tambarin NC-17 na finafinan manya zalla, kuma Blockbuster, wanda shi ne babban kamfanin hayar kaset a Amurka lokacin, ba ya ajiye fim mai wannan tambarin. Shi kansa Basic Instinct sai da aka rage wasu daƙiƙu kafin ya samu tambarin R, wanda ya fi NC-17 sassauci. Ƙananan furodusoshi sai suka saba fitar da fim ɗaya kala biyu, ɗaya mai R ɗaya wanda ba a kai wa masu tantancewa ba, ga kuma kowace ƙasa da abun da hukumarta za ta yanke. To in ka san za a tsawaita sin ɗinka a wani kaset a gajarta shi a wani a cire shi ɗungurungum a wata ƙasa, me zai sa ka saka muhimmiyar magana a ciki? Sai aka koma rubuta wuraren yadda za a iya zare su kaman aljihun tebur a mayar ba abun da ya motsa. Kasuwa ce ta koya musu, kaset ya mutu, Blockbuster ya durƙushe tun 2010, amma ɗabi'ar ta zauna, har yanzu masu yi don intanet haka suke rubutawa ko da ba wanda ya tilasta su.

Kar wani ya ce min da ƙaramin jari ba za a iya ba. 'Yan gidan Coen, wa da ƙani masu shirya fim a Amurka, sun yi fim ɗinsu na farko Blood Simple a 1984 da kusan dala miliyan ɗaya da rabi, kuɗin da suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya suka tara, labarin miji mai kishi da mata da saurayinta da ɗan bincike mai zaman kansa, mutum huɗu ne jigon fim ɗin, amma kowa a cikinsu ya fahimci abun da ya faru a karkace kuma mu kaɗai muka san gaskiya, shi yasa zuciya ke bugawa. The Last Seduction na John Dahl a 1994 shi ma ƙaramin fim ne, a tashar HBO aka fara nuna shi kafin ya shiga sinima, wanda hakan ne ya hana jarumarsa Linda Fiorentino shiga takarar kyautar Oscar duk da yadda masu sharhi suka yaba mata. A can in ka tura gaba ka yi asara, don a nan ne matar ke ɗaure mutumin da igiyar da zai rataye kansa.

Abun da ya fi ba ni takaici shi ne a cikin wannan fim ɗin da nake zagi akwai minti uku masu kyau, kyau na gaske. Mai binciken ya shiga kicin ya tarar da dattijuwar nan mai aiki tana ninke tawul. Yana mata tambayoyi na banza, ita kuma tana amsawa da e da a'a ba ta ɗago kai ba. Mu mun riga mun ga ta tsinci agogon hannu a bakin ruwa da asuba, kuma mun ga ta cusa shi cikin tawul na uku a jerin. Kyamara ba ta motsa ba, ba a yanka ba, ba kiɗa, har firjin nan mai gurnani ya yi amfani a nan don shi kaɗai ake ji in sun yi shiru. Mutumin ya zubar da ruwa a hannunsa ya miƙa hannu zai ɗauki tawul, sai ta riga shi ta zaro na ƙasa ta ba shi, hannunta ɗaya na danne da na ukun, yatsunta sun ɗan yi fari don matsawa. Ya goge hannu ya ce na gode ya fita. Ita kuma ta tsaya ba ta saki numfashi ba sai da ta ji ƙarar mota. Wallahi a nan na gyara zama.

Wannan shi ne abun da shahararren darakta Alfred Hitchcock ya yi wa daraktan Faransa François Truffaut bayani a hirarsu ta 1962, cewa in bam ya tashi ƙarƙashin tebur ba zato mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙu ne kawai, amma in ka nuna masa bam ɗin tun farko ka bar mutanen suna hirarsu a kan teburin, to ka riƙe shi har tsawon hirar. Nawa aka kashe a sin ɗin kicin? Tawul huɗu da agogo. Wato daraktan ya iya, ko dai a ranar ya samu lokaci, ko kuma dattijuwar ce ta zo da abunta daga gida, don daga ganin yadda take riƙe fuska ka san ta daɗe a harkar wasa. Ita kaɗai ce a fim ɗin ke sauraron abokin magana, sauran jira suke ya gama su faɗi nasu.

Jarumar ba zan ɗora mata laifi duka ba. An ɗauke ta don fosta, an ba ta maganganun da ko wace ce ba za ta iya faɗa su fito kaman na mutum ba, irin su kar ka so ni, ni guba ce, kuma an ce ta riƙa magana ƙasa-ƙasa daga farko har ƙarshe ko da gishiri take tambaya ko ƙarfe nawa. Akwai wurare biyu da ta manta tana fim ta yi dariya ta gaske, a nan ka ga da an ba ta mutum ta taka da ta taka. Jarumin kuwa fuska ɗaya ya zo da ita ya koma da ita, in yana fushi ya ɗaure gira, in yana soyayya ya ɗaure gira, in an nuna masa bindiga ya ɗaure gira.

Agogon nan fa da aka gina mana shi da kyau haka, ba a sake maganarsa ba. Ko sau ɗaya. Dattijuwar ma ta ɓace daga minti na hamsin ba sallama, ina zargin kwanakin da aka biya ta ne suka ƙare. Maimakon haka saura minti shida fim ya ƙare sai ga wata mata ta fito daga bayan labule da bindiga, fuskarta sak ta matar gidan, wai ashe tagwaye ne, ita ce ta yi kisan, kuma wai wasu daga cikin dararen da mai binciken ya yi ba da matar gidan ya yi su ba. Ba hoto a bango, ba wata magana da ta suɓuce wa wani, ba ko alama ɗaya tun farko da za ka koma ka ce af, ai kuwa an nuna min ban lura ba. Tun 1929 wani limamin coci ɗan Ingila marubucin labaran bincike, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na wannan fanni, a ciki ya ce dole mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kuma ba a yarda a fito da tagwaye ba sai an shirya mai karatu tukuna. Shekara kusan ɗari kenan da aka ja wannan kunnen. Su kuwa ina ganin abun da suka hango shi ne 'yar wasa ɗaya za ta yi mutum biyu a biya ta kuɗin ɗaya.

Daga nan ta tsaya da bindiga a hannu ta yi jawabin minti huɗu tana bayyana yadda ta yi komai da dalilin da yasa, shi kuma yana tsaye ya ɗaure gira, har 'yar uwarta ta samu damar zagayowa da kwalba. Jiniyar 'yan sanda muka ji, ba mu ga motar ba, sai jan haske da shuɗi na juyawa a bango, wani ne ke tsaye a waje yana karkaɗa fitila. Wannan ma na yafe.